Damina a Mpape: Ina Ruwan Wurin Fasa Dutse Yake Zuwa?

Idan aka tambayi mazauna Mpape, unguwar nan da ke kan tudu tana leƙen Maitama a Abuja, abin da ke damunsu game da kamfanonin fasa dutse, amsar ba ta da wuyar hasashe. Za a ji maganar ƙarar nakiya da bangon da ya tsage, a ji ta ƙurar da ke sauka kan kayan shanya, a ji ta motocin tipa da ke cinye titi. A watan Satumban 2018, lokacin da ƙasa ta yi ta motsi a yankin har mutanen Maitama suka ji a jikinsu, nan take idon kowa ya koma kan nakiya, hukumomi kuma suka dakatar da fasa dutsen na wani lokaci. Ba abin mamaki ba ne, domin abin da ya yi ƙara shi ake fara kai ƙararsa. Amma akwai wata ɓarnar da ke fita daga irin waɗannan wurare shiru, a daidai lokacin da kowa ya shige ɗaki yana gudun jiƙewa. Ita ce jan ruwan da ke gangarowa daga filin aiki duk ranar da aka yi ruwan sama, ɗauke da laka da garin dutse da baƙin mai, ya bi kwata ya faɗa ƙorama. An saba jingina wannan ruwa ga damina, alhali kayan kamfani ne kamar yadda tsakuwarsa take kayansa. Tsakuwar dai ana sayar da ita a karɓi kuɗi, ruwan kuwa sai a sakar wa mutanen gangare su ji da shi. Kuma a cikin duk illolin wannan sana'a, babu wadda maganinta ya kai na wannan araha.

Babu mai hankalin da zai ce a daina fasa dutse. Tun da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar ƙirƙiro sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, har zuwa 12 ga Disamban 1991 da gwamnati ta tare a cikinsa, da duk gine-ginen da suka biyo baya, Abuja daga cikin duwatsunta ta fito. Titi da gada da bene, kowanne tsakuwa ce ƙashin bayansa. Haka abin yake a ko'ina. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa duniya na cin kimanin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a kowace shekara, kuma in ban da ruwa babu wani abu da ɗan Adam ke ɗiba daga ƙasa da ya kai wannan yawa. Sana'ar da ta kai haka girma ba za ta tsaya ba, shi ya sa ma ya zama dole a san inda ruwanta yake bi.

Kafin a kai ga dutse sai an kankare abin da ke kansa. Katafila ta ture bishiyoyi da ciyawa, ta kwashe ƙasar sama mai taushi wadda ke shan ruwa kamar soso. Abin da zai rage shi ne falalen dutse, da hanyoyin da manyan motoci suka daddanne har suka zama kamar daɓe, da tulin ƙasa da na garin dutse a tsaye ba rufi. A daji, yawancin ruwan sama yakan maƙale a ganye ko ya nutse cikin ƙasa, ya riƙa tsattsafowa a hankali zuwa rafi da rijiya. A filin da aka kankare kuwa babu inda zai tsaya. Lissafin mai sauƙi ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan hekta guda lita 10,000 ne, wato cikin tankar ruwa guda. A ɗauki misalin filin aiki mai hekta 10, a ce an sheƙa ruwa na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a garin da ke samun fiye da milimita 1,000 a shekara, kusan duk tsakanin Afrilu da Oktoba. Lita miliyan 5 ke nan suka sauka a filin. Ko da a ce kashi 70 cikin 100 ne kawai suka gudu, an sami lita miliyan 3 da rabi, daidai da tanka 350, kuma duk za su nemi mafita cikin sa'a ɗaya ko biyu. Da wani kamfani zai jera tanka 350 na ruwan laka a bakin ƙorama ya juye su da rana tsaka, da kafin la'asar an rufe shi. Da yake hadari ne ya yi masa dakon, sai a ce ikon Allah.

Abin da ke cikin ruwan shi ne ya kamata a tsaya a kansa, domin a nan ne yawancin ƙoƙarin gyara yake faɗuwa. Ba duk laka ce iri ɗaya ba. Ƙwayar yashi mai kaurin kashi ɗaya bisa goma na milimita takan nutse zurfin mita guda cikin kamar minti 2 idan ruwa ya tsaya cik. Wadda ta fi ta ƙanƙanta sau goma sai ta ɗauki kusan sa'a 3. Wadda ta fi wannan ƙanƙanta sau goma kuma, wato irin ƙwayar yumɓu, tana iya kaiwa kwana 13 tana shawagi kafin ta kwanta. Dalili shi ne duk lokacin da ƙwaya ta ragu sau goma, saurin nutsewarta yakan ragu sau ɗari. Duk matar da ta taɓa ɗebo ruwan rafi da damina ta zuba a randa ta san wannan a aikace: yashin ya kwanta tun kafin ta ajiye tulu, amma jan nan yana nan har gobe sai ta jefa alif. To, injin niƙa dutse masana'antar ƙananan ƙwayoyi ce. Tun daga Nuwamba har Maris garin dutse yana taruwa a kan hanya da ƙarƙashin injin da jikin kowane tuli, babu abin da ke wanke shi. Ruwan farko na bazara shi ke kwashe tarin wata biyar a dare ɗaya, kuma yakan zo da iska da ƙarfi a lokacin da ciyawa ba ta fito ba balle ta tare shi.

Hujjar farko da mai kamfani zai kawo ita ce, ai laka ce kawai, kuma wane rafi ne ba ya yin ja da damina? Akwai gaskiya a ciki, bai kamata a ƙi ta ba. Gonaki da filayen gini da titunan da ba kwalta duk suna zubar da ƙasa, kuma a wurare da yawa nasu ya fi na wurin fasa dutse idan aka haɗa. Sai dai biyu ba ɗaya ba ne. Ƙasar gonaki daga wurare dubu take fitowa kaɗan-kaɗan, babu mutum guda da za a riƙe. Ta wurin fasa dutse kuwa daga fili guda take fita, mai shinge, mai lasisi, mai manaja, ta ƙofa ɗaya ko biyu da za a iya nunawa da yatsa. Abin da aka san mafitarsa shi ne ya fi sauƙin tarewa. Sannan kalmar "kawai" ɗin nan tana ɓoye abubuwa da yawa. Lakar da ta fita dole ta sauka a wani wuri. Idan ta sauka a kwalbati sai ta toshe shi, ruwa na gaba ya hau titi ya shiga gidaje. Idan ta sauka a fadama sai ta binne baƙar ƙasar da mai lambu yake taƙama da ita a ƙarƙashin garin dutsen da ba ya fitar da komai. A cikin rafi tana cike ramukan da kifi ke ƙwai, ta hana haske shiga. Idan ta kai madatsa, kamar ta Usuma da ke Ushafa wadda Abuja ke sha daga gare ta, kowane buhun laka yana cin gurbin ruwa ne, kuma hukumar ruwa sai ta ƙara alif kafin ta tace. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta ce gurɓacewarsa da laka kada ta wuce 5 a ma'aunin NTU, wanda ke auna yadda laka ta dusashe ruwa, saboda sinadarin kulorin ba ya cin ƙwayoyin cuta yadda ya kamata idan sun sami laka sun laɓe a jikinta. Ga kuma ƙarfin ruwan kansa. Ruwan da a da yake ɗaukar kwanaki yana tsattsafowa, idan ya taru ya fito lokaci guda, yana cin bakin ƙorama, kuma yawancin kwazazzabai daga ɗan tsagi irin wannan suke farawa.

Bayan laka akwai wasu abubuwan, kuma a nan adalci ya wajaba. Dutsen da ake fasawa a Abuja da mafi yawan Arewa ba guba ba ne. Kada a haɗa shi da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400. Wanda ya ce ruwan wurin tsakuwa irin wancan ne ya yi ƙari, kuma ƙari yana ba mai laifi hanyar kuɓuta. Haɗarin nan daga kayan aiki yake fitowa. Akwai man gas da ke zuba a wurin shan mai, da baƙin mai da makanikai ke juyewa a ƙasa idan sun yi wa katafila juye, da giris da ruwan batir. Akwai ragowar nakiya, domin wadda aka fi amfani da ita a wannan aiki tana ɗauke da sinadarin naitiret, ɗan'uwan takin zamani, mai saurin narkewa a ruwa. Abin da ya zube wajen ɗurawa ko ya ƙi tashi, ruwa yana wanke shi zuwa rafi ko ya nutse da shi zuwa rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a miligiram 50 cikin kowace lita, musamman don jariran da ake dama wa madara, saboda yana hana jininsu ɗaukar iska. Inda kuma aka haɗa fasa dutse da kwaɓa kankare, ruwan wankin motocin siminti yana da kaifi irin na toka mai ƙarfi, yakan kai 12 a ma'aunin pH, alhali kifi yana rayuwa ne a kusa da 7. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Maganin fa? Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne kusan duk aikin ƙasa ne, kuma injinan da za su yi shi suna nan a filin. Matakin da ya fi kowanne riba shi ne hana ruwa mai tsabta shiga wurin tun farko. Wuraren fasa dutse a gindin tudu ko a jikinsa suke, don haka ruwan da ya sauka a saman tudun ta cikin filin yake ratsawa, ya shigo fari ya fita ja. Lambatu guda da aka haƙa a gefen sama, aka shimfiɗa masa duwatsu, zai karkatar da shi ya zagaye. Duk litar da ba ta shigo ba, ba sai an wanke ta ba. Daga nan sai rage filin da ke tsirara: a kankare iya inda za a fasa a bana, ƙasar saman da aka kwashe a tara ta gefe a dasa mata gamba ko kirikiri, a jera jema a gindin gangara, domin saiwarta tana riƙe ƙasa kamar raga. Tulin garin dutse a ɗauke shi daga bakin kwata a kewaye shi da kunya. A cikin lambatun filin kuma a riƙa yin ƙananan datsi da duwatsun da injin ya ƙi, waɗanda dama zubar da su ake yi, don ruwa ya riƙa tsayawa yana ajiye yashinsa mataki-mataki.

Sai babban aikin, wato tafkin kwantar da laka a can ƙasan filin, inda duk ruwan zai taru kafin ya fita. A misalin da ya gabata, rami mai tsawon mita 70 da faɗin mita 25 da zurfin mita 2 zai ɗauki lita miliyan 3 da rabi ɗin nan cif. Amma haƙa rami daban, yin tafki mai aiki daban. Faɗin fuskar ruwan ya fi zurfinsa muhimmanci, domin ƙwaya tana buƙatar ta kai ƙasa kafin ruwan da ke ɗauke da ita ya kai mafita. Dole mashiga da mafita su yi nesa da juna, tafkin ya zama dogo, in ba haka ba ruwa zai yanke ta gajeriyar hanya ya fice da kayansa. Mafitar kuma ta riƙa ɗiba daga sama inda ruwa ya fi tsabta. An fi son a yi tafki biyu a jere, ƙarami a gaba don yashi, babba a baya don laka mai laushi, kuma idan yumɓu ya yi yawa a sa alif kamar yadda ake yi a randa. Abin da ke kashe irin waɗannan tafkuna shi ne rashin yashewa. Tafkin da laka ta cika rabinsa ya zama ado, kuma ranar da babban ruwa ya zo zai amayar da abin da ya tara a baya. Shi kuwa mai, tafki ba ya maganinsa. Sai dai a yi wa wurin makanikai daɓen siminti da rufi, a kewaye tankin gas da ɗan bango da zai iya ɗaukar duk abin da ke cikinsa har da ƙari, a tara baƙin mai a duro, wanda dama yana da masu saye. A bakin ƙofa kuma a shimfiɗa manyan tsakuwa ko a yi wurin wanke taya, don kada tipa ta kwashi taɓo ta shafe titi da shi.

Hujja ta biyu ita ce kuɗi. Za a ce gas ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, duk abin da aka ƙara wa kamfani a kan mai ginin gida zai ƙare. Wannan ma ba ƙarya ba ce, amma a auna ta. Ramin da aka kwatanta ƙasar tipa 350 ce mai ɗaukar kubik mita 10, aikin kwanaki ko 'yan makonni ga motar haƙa guda, a wurin da sana'arsa ke nan haƙa da lodi shekara da shekaru. Idan aka raba wannan a kan dubban lodin da za a sayar cikin wa'adin lasisi, abin da zai hau kan kowace tipa bai taka kara ya karya ba. Ban da haka, ruwan da aka tara dukiya ne. Da rani kamfani yana buƙatar ruwa don yayyafa wa hanya da bakin injin saboda ƙura, wadda ke cin huhun ma'aikata kuma take jawo rigima da maƙwabta. Wanda ya saki ruwan damina ya koma yana sayen tanka ko yana tatsar rijiyar burtsatse da rani ya yi asara biyu. Hanyar da ruwa bai kwance a kanta ba ma ta fi daɗewa, ta fi sauƙi ga taya da gas. A gaskiya ma kuɗin ana biyansa yanzu haka. Mai lambu yana biya, ƙaramar hukumar da ke yashe kwalbati tana biya, mai gidan da ruwa ya shiga yana biya. Abin da ake nema shi ne a mayar da lissafin kan wanda ya ci ribar.

Akwai hujja ta uku da ta fi waɗannan nauyi, kuma daga bakin iyaye take fitowa: tafki a kusa da unguwa ai kududdufi ne, gidan sauro, matattarar katantanwar da ke kawo tsargiya, kuma tarkon yara. Duk wanda ya san tarihin kududdufan Kano, waɗanda ramukan ɗibar ƙasar gini ne asalinsu, ba zai raina wannan tsoro ba. Amsar ita ce tafkin kwantar da laka ba a yi shi don ya riƙe ruwa har abada ba. Aikinsa ya riƙe na kwana biyu ko uku ya saki, don ya sami gurbin ruwa na gaba, sauro kuwa yana buƙatar kamar mako guda ko fiye kafin ƙwai ya zama mai cizo. Wanda za a ajiye don rani shi ne za a kewaye da waya, a kwantar da gefensa yadda wanda ya faɗa zai iya fitowa, a sa shi cikin filin da ke da mai gadi. Idan kamfani ba zai iya wannan ba, to tsoron iyayen ya tabbata, kuma laifin na mai tafkin ne.

To ina doka? Tana nan, har ta yi yawa. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 tana nan. Dokar ma'adinai ta 2007 ta hana gurɓata ruwa ko hanyar ruwa a yayin haƙa, ta wajabta shirin kare muhalli da gyara wuri bayan an gama, ta kafa asusun da masu lasisi za su riƙa zubawa don wannan gyara, ta kuma ce sai an ƙulla yarjejeniya da al'ummar da ke wurin kafin a fara aiki. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan fasa dutse da amfani da nakiya a 2013. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin wannan a kan takarda ake cika shi, kafin a fasa dutse ko ɗaya. Tsarin mulki ya sa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, ita ke ba da lasisi daga Abuja, amma kwalbatin da ya toshe na jiha ne ko na ƙaramar hukuma, waɗanda ba su da ikon taɓa lasisin. Sannan wannan laifi ne mai lokaci. Jami'in da ya zo duba aiki ranar da rana ke haske zai ga kwata a bushe, ya sa hannu ya tafi, kuma bai yi ƙarya ba.

A nan darasin wasu ƙasashe yake da amfani. A Amurka, dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta fara ne da bututun masana'antu, sai a 1987 aka gyara ta don ta haɗa da ruwan saman da ke wanke filayen aiki, bayan an gane cewa shi ma babbar hanyar gurɓata ce. Jihar Washinton tana da izini na musamman ga masu haƙar yashi da tsakuwa, kuma ƙarfinsa a lambobi yake: ruwan da za a saka wa rafi kada gurɓacewarsa ta wuce 50 a ma'aunin NTU, pH ɗinsa ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, kuma kada a ga ƙyallin mai a samansa. Kamfani ne ke aunawa a wurin da aka ayyana, ya riƙa aika sakamakon ga hukuma. Ba lallai a kwafo lambobinsu ba, domin ruwan saman Abuja ya fi nasu zuwa da ƙarfi, ƙasarmu ma daban. Abin ɗauka shi ne tsarin: mafita sananniya, lamba sananniya, awo a ranar da aka yi ruwa. Lasisin fasa dutse a Nijeriya na shekara 5 ne, ana sabuntawa. Babu abin da zai hana a ce sai an nuna littafin awon damina biyar kafin a sabunta. Kayan awon ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai dogon bututu mai haske da alama a gindinsa, ana zuba ruwa har alamar ta ɓace a karanta lamba a jiki, ɗan sakandare zai iya. A sa a cikin yarjejeniyar al'umma cewa kamfani zai ba mai unguwa irin wannan bututu da izinin zuwa mafita, a ga ko littafin kamfani zai yi ƙarya.

Za a ce duk wannan na manyan kamfanoni ne, ina masu fasa dutse da guduma, da 'yan tipa masu ɗibar burji da marmara a bayan gari? Gaskiya ne ba za a nemi matar da ke fasa tsakuwa a bakin hanya ta kawo injiniya ba, kuma ɓarnarta ba ta kai a tsaya a kanta ba. Amma ramukan burji da 'yan kwangilar titi ke buɗewa su watsar ba na talakawa ba ne, kuma gwamnatin da ta ba da kwangilar tana iya riƙe wani kaso na kuɗin har sai an rufe ramin. A wuraren ɗiba na haɗaka kuma galibi akwai ƙungiya mai karɓar kuɗin lodi a kan kowace mota, wadda za ta iya ɗaukar hayar katafila na kwana biyu kafin damina ta ja lambatu. Masu ɗiba a cikin gadon kogi kuwa nasu daban ne, domin babu tafkin da zai tare lakar da aka tayar a tsakiyar ruwa. Maganin wannan sai iyakance wuri da lokaci.

Wanda yake son ganin ƙarshen wurin da ba a yi wa ruwansa tanadi ba, ya je tsohon ramin da ake kira Crushed Rock a Mpape. Shekaru aka yi ana fasa dutse a wurin don ginin Abuja, aka tashi aka bar shi, ruwa ya cika shi ya zama tafki mai zurfi tsakanin katangun dutse. A 2020, lokacin zaman gida na korona, hotunansa suka bazu a intanet, matasa suka riƙa tururuwa zuwa shaƙatawa. Wurin yana da kyau, babu musu. Amma kyawun nan tsautsayi ne ya haifar da shi, babu wanda ya tsara zurfinsa ko gefensa ko inda zai malala, kuma an buɗe shi tun kafin dokar 1992 da ta 2007. Ramukan da ake fasawa yau a Abuja da Kaduna da Kano da sauran garuruwa ba su da wannan uzuri.

Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, kuma a Abuja ruwan farko yakan sauka ne wajen ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka Fabrairu da Maris su ne watannin jan lambatu da yashe tafki. Ma'aikatar ma'adinai da NESREA su sa zagayensu na duba wuraren fasa dutse a waɗannan watanni, su kuma koma a cikin marka. Masu unguwanni da ke gangaren irin waɗannan wurare kuwa, su nemi manaja tun yanzu ya nuna musu da yatsa inda ruwan filinsa yake fita.